'Yan Mata Zalla a Hannun Sistoci: Me Ake Ƙullawa Daga Aji Huɗu Zuwa Shida?

Wangari tana da shekara 11 aka kai ta makarantar kwana ta St. Cecilia da ke Mathari, kusa da garin Nyeri a tsakiyar Kenya. A 1951 ke nan, lokacin Turawan Ingila na mulkin ƙasar. Makarantar ta mishan ɗin Katolika ce, ta mata zalla, kuma sistocin ƙungiyar Consolata da suka zo daga Italiya ne ke riƙe da ita. A tsarin Kenya na wancan zamani, yaro kan yi shekara huɗu a ƙaramar firamare, sannan ya wuce matsakaiciya ya ƙara huɗu, saboda haka ajin da ta shiga ya yi daidai da manyan azuzuwan firamare a wurinmu. Yarinyar nan ita ce daga baya duniya ta sani da Wangari Maathai, mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta yi digirin digirgir, a 1971, kuma macen Afirka ta farko da ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel, a 2004.

Masu goyon bayan makarantar mata zalla suna yawan kafa hujja da irin wannan labari. Ga 'yar ƙauye, wadda sai da yayanta ya tambayi mahaifiyarsu dalilin da ya sa ita ba ta zuwa makaranta kamar su, sannan aka sa ta tana shekara 8, ga kuma inda ta kai. Ni ma labarin yana taɓa ni. Amma igiyoyi uku ne suka ƙulle wuri guda a cikinsa: shekarun yaran, raba su da maza, da kuma hannun coci. In ba a warware su ɗaya bayan ɗaya ba, sai a wayi gari kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi, ana yaba wa katanga aikin da malama ta yi.

Mu fara da shekarun, domin su ne aka fi rainawa. Iyaye kan sa ido sosai a ranar da yarinya ta fara makaranta, sai kuma lokacin jarrabawar shiga sakandare. Tsakanin nan, daga shekara 9 zuwa 12, ana ganin kamar hanya ce miƙaƙƙiya. Alhali a nan ne ake ƙulla abubuwa da dama. Farfesa Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta bayyana tun a 1983 cewa daga aji ɗaya zuwa uku yaro karatu yake koyo, daga aji huɗu kuwa da karatun yake koyon sauran fannoni. Littafi ya daina zama labarin kare da kyanwa, ya koma bayanin yadda ruwan sama ke samuwa, da kalmomin da ba a ji a gida. Yarinyar da ta iya haɗa baƙi amma ba ta da tarin kalmomi, a nan take fara zamewa, kuma a hankali take yi ba tare da kowa ya lura ba.

Lissafi ma haka. A waɗannan azuzuwa ne ake barin ƙirga da tarawa, a shiga rabawa mai tsawo da lissafin rabi da kwata, sulusi da rubu'i. Robert Siegler da abokan aikinsa sun bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka wallafa a 2012 cewa yadda yaro ya fahimci rabawa da lissafin ɓangarori yana ɗan shekara 10 ko kusa da haka yana nuna yadda zai kasance a aljabara bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin kuɗin gidansu da ilimin iyayensa. Wato yarinyar da za ta guje wa ajin kimiyya a babbar sakandare, sau da yawa tun a aji biyar aka yanke mata hukuncin.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da jiki ke nasa aikin. 'Ya mace kan fara alamun girma tsakanin shekara 8 da 13, kafin takwaranta namiji da shekara ɗaya zuwa biyu, kuma al'ada kan biyo bayan ƙirgar dangi da kamar shekara biyu. Shi ya sa a benci guda za ka ga wadda har yanzu hankalinta na kan 'yar tsana da wasan gala-gala, kusa da ita kuma wadda ta fara rungume littafi a ƙirji in za ta wuce gaban mutane. Shekarunsu ɗaya, duniyarsu daban.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji biyar da ya haɗa maza da mata ya san abin da zan faɗa. Malama ta rubuta a allo: wanne ya fi girma, 3/4 ko 5/8? Kafin ta ajiye alli yara maza huɗu sun miƙe suna kaɗa yatsu, "Anti ni! Anti ni!" Ɗaya ma ya riga ya jefo amsa, ba daidai ba, kuma ko a jikinsa. A layi na uku akwai yarinya da ta riga ta mayar da 3/4 zuwa 6/8 a gefen littafinta. Amsa na hannunta. Ta ɗaga hannun iya kafaɗa, ta waiga ta ga ƙawarta ba ta ɗaga ba, sai ta mayar da shi kai kamar ɗankwali take gyarawa. Malamar ba muguwa ba ce. Tana da yara da yawa, lokaci na ƙurewa, wanda ya fi surutu shi ake fara sallama.

Abin nan ba hasashe ba ne. Myra da David Sadker sun shafe shekaru suna zama a azuzuwa fiye da ɗari a Amurka, har da aji huɗu da aji shida, suna lissafa wa malami ya kira, wa ya yaba wa, wa ya gyara wa. Sun gano cewa maza sun fi samun hankalin malami, yabo da faɗa duka, kuma an fi tsayawa a kansu har sai sun gano amsa da kansu. A 2017 kuma Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian suka wallafa wani gwaji a mujallar Science. An ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da an faɗi jinsinsa ba, aka ce su zaɓe shi a hoto. 'Yan shekara 5, maza da mata, kowa jinsinsa yake zaɓa. Daga shekara 6 sai 'yan matan suka fara ja da baya, suka kuma rage sha'awar wasan da aka ce na masu ƙwaƙwalwa ne sosai. To ka ga kafin yarinya ta iso aji huɗu, ta yi shekara uku tana ɗauke da wannan kaya.

Daga nan ne hujjar raba aji take tasowa, kuma a ido tana da ma'ana: in babu masu kaɗa yatsun, dole malama ta juyo ga mai gyara ɗankwali. Tambayar ita ce ko hakan na fitowa a sakamako.

Binciken farko-farko ya ce e. A 1986 Valerie Lee da Anthony Bryk sun kwatanta ɗaliban sakandaren Katolika a Amurka, na haɗaka da na jinsi ɗaya, suka ga na jinsi ɗaya sun fi, musamman mata. Ita dai Lee ɗin tare da Marlaine Lockheed sun duba darasin lissafi a wasu makarantun gwamnati a Najeriya, suka wallafa a 1990 cewa 'yan matan makarantun mata zalla sun fi takwarorinsu na haɗaka. Sai dai akwai wani rami da irin wannan kwatance ke faɗawa. Ba kowace yarinya ake kaiwa makarantar sistoci ba. Uban da ya nemo fom, ya biya kuɗi, uwar da ke duba jaka kowane dare, su ne suka kai ta. Yarinyar da ta fito daga irin gidan nan, ko ina aka ajiye ta za ta taɓuka abin kirki. Makarantar ma tana tacewa da jarrabawar shiga. In aka ga ɗalibanta sun yi fice, yaya za a raba aikin makaranta da aikin gida?

A 2014 Erin Pahlke da Janet Hyde da Carlie Allison suka tattara bincike 184 daga ƙasashe 21, da suka shafi ɗalibai miliyan 1.6. Suka ware su kashi biyu: waɗanda suka yi la'akari da bambancin gidajen yara da ƙoƙarinsu na farko, da waɗanda ba su yi ba. A kashin da bai yi ba, makarantar jinsi ɗaya ta nuna ɗan fifiko. A kashin da ya yi, fifikon ya ragu ƙwarai, a fannoni da yawa ma ya kusa zama babu. Akwai inda labarin ya sha bamban. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, daga 1974 har zuwa 2009 ƙuri'a ce ke raba ɗalibai zuwa manyan sakandare, ba zaɓin iyaye ba, kuma wani bincike na 2013 ya nuna waɗanda ƙuri'a ta kai makarantun jinsi ɗaya sun fi cin jarrabawar shiga jami'a. Amma akasarin waɗannan makarantu a Seoul masu zaman kansu ne, tsarin ɗaukar malamansu daban, don haka ba rabuwar kaɗai ke aiki ba. A Trinidad da Tobago kuwa, Kirabo Jackson ya gano a 2012 cewa yawancin ɗalibai ba su ƙaru da komai ba, ban da 'yan matan da tun farko su ne suka fi ƙwallafa rai a kan makarantar mata. Ya ƙara gano wani abu da ya kamata ya tsayar da mu: 'yan matan makarantun mata zalla a can sun fi rage ɗaukar darussan kimiyya. Kuma a lura, galibin waɗannan bincike a sakandare aka yi su.

Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, fitar da maza daga aji dama ce kawai ake buɗewa. Ana iya amfani da ita, ana iya barin ta ta wuce. Inda aka yi amfani da ita, ana gani. Monita mace ce, mai buga ƙararrawa mace, mai tsaron raga mace, wadda ta fi kowa lissafi mace, wadda ta fi kowa ƙiriniya ma mace. Babu aikin da za a ce wannan na maza ne, tunda ba su nan. Ranar da aka yi darasin al'ada babu mai ƙyalƙyala dariya a baya, kuma yarinyar da abin ya zo mata a tsakiyar darasi, siket ya ɓaci, ƙawa ce za ta ɗaura mata rigar sanyi a ƙugu a wuce da ita wurin matron, ba ta zama abin tsokana har ƙarshen zango ba. Wannan ba ya fitowa a makin jarrabawa kai tsaye, amma yana fitowa a rajistar zuwa makaranta. Akwai kuma amfanin da ya fi duka girma a wurare irin namu: uban da ba zai taɓa yarda 'yarsa mai ƙirgar dangi ta zauna benci ɗaya da namiji ba, yakan yarda in ya san mata ne zalla. A nan ba ana kwatanta makarantar mata da ta haɗaka ba ne, ana kwatanta ta ne da zaman gida da talla.

Sai dai ajin mata yana da nasa ciwon, kuma masu tallata shi ba su cika faɗa ba. Nicki Crick da Jennifer Grotpeter sun yi nazarin yara daga aji uku zuwa shida a 1995, suka ba wani nau'in cutarwa suna, wanda ba a yin sa da hannu, da zumunci ake yin sa. Mu mun san shi tun kafin a ba shi suna. Gaba ce, da gulma, da "kada wadda ta ƙara kula ta", da tashi daga benci in ta zauna. Malami na iya raba dambe cikin minti ɗaya, amma yarinyar da aji ya ware za ta iya yin wata uku tana cin abincin tara ita kaɗai a bayan aji, malama na yaba mata natsuwa. Makarantar da ke alfahari cewa ɗalibanta ba sa faɗa, a tambaye ta me take yi game da wannan.

Na biyu, ba kowace malama mace ce ke zama madubi mai kyau ba. Sian Beilock da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun nuna a 2010 cewa a ƙananan azuzuwan firamare, in malama mace na tsoron lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, makinsu kuma ya ragu, yayin da mazan ajin ba abin da ya same su. Malamar da ke cewa "ni ma ban iya shi ba lokacin ina kamarku", tana jin lallashi take yi, guba take rabawa. A makarantar da kowa mace ce, babu wanda zai ƙaryata ta.

Yanzu igiya ta uku, hannun coci. Mutane da yawa sun ɗauka raba jinsi doka ce ta Katolika har gobe. Tarihin ya fi haka lanƙwasa. Angela Merici ta kafa ƙungiyar Ursula a Brescia ta Italiya a 1535, daga cikinta aka samu sistocin da suka buɗe makarantar 'yan mata a birnin New Orleans da ke Amurka ta yau a 1727, wadda har yau tana aiki, kuma tun farkonta ta koyar da 'ya'yan Turawa da baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, da 'yan asalin ƙasar. Madeleine Sophie Barat ta kafa tata ƙungiyar a Faransa a 1800 musamman don ilimin 'ya'ya mata. A waɗancan ƙarnuka makarantar mata zalla ba zaɓi ba ce tsakanin biyu, ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe wa mace. A ranar 31 ga Disamba 1929 Fafaroma Pius na 11 ya fitar da wasiƙa kan ilimi, inda ya soki haɗa maza da mata a aji, ya ce kuskure ne mai cutar da tarbiyyar Kirista. Bayan shekara 36, a 1965, babban taron shugabannin Cocin Katolika da ake kira Vatican na biyu ya fitar da tasa sanarwar kan ilimi, bai maimaita waccan suka ba, iyaka ya ce malamai su lura da bambancin jinsi a tarbiyya. Yau galibin firamaren Katolika a duniya na haɗaka ne. Inda ta mata zalla ta rage, gado ne na wata ƙungiyar sistoci ko al'adar wuri. A Ireland, inda kusan tara cikin goma na firamare ke ƙarƙashin kulawar Cocin Katolika, har yanzu akwai makarantun da ke ɗaukar yara maza da mata a ƙananan azuzuwa, daga baya mazan su koma tasu, a bar mata su ƙarasa su kaɗai.

Daga Ireland ɗin nan ne sistocin St. Louis suka iso Kano a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai sananniya ce ga duk Bakano. A Kaduna ma kwalejin Queen Amina da ke Kakuri ta fara ne da sunan Queen of Apostles a hannun sistoci, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Me sistocin suka kawo da ya sa aka yi ta yabon makarantunsu? A ganina abu ne mai sauƙin faɗa, mai wuyar kwaikwayo. Mata ne da suka yi alkawarin ba aure, ba tara dukiya, suna kwana a harabar makarantar. Malamar da ta koya miki lissafi da safe ita ce ke zagaya ɗakin kwana da dare. Ba ta neman canjin wurin aiki, ba ta yajin aiki, ba ta da shago a kasuwa da ke raba mata hankali. Albashin da ba a biya ta ba shi ya sa kuɗin makaranta ya yi sauƙi. Kuma yarinya tana tashi tana ganin mace ce ke riƙe da littafin kuɗi, mace ce ke ciniki da ɗan kwangila, mace ce ke sallamar ma'aikaci. Wangari ta tuna wata sista mai koyar da kimiyya a sakandaren Loreto ta Limuru, inda ta wuce bayan ta fito ta ɗaya a ajinsu a 1956, wadda ke kiran ta ta taya ta wanke kwalaben gwaji, suna yi suna hira. Daga irin wannan kusanci ta kamu da son ilimin halittu, har ta je ta karanta shi a Kansas ta Amurka a 1960, a wata kwalejin mata da ita ma sistoci ke riƙe da ita.

Wannan ginshiƙi ya girgiza a ƙasashen Yamma. A 1965 Amurka na da sistoci wajen 180,000, yanzu ba su kai 40,000 ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Malaman albashi suka maye gurbinsu, kuɗin makaranta ya yi sama, makarantar da aka kafa don 'ya'yan baƙin haure talakawa ta koma sai mai hali. A Afirka yawan sistoci ƙaruwa yake yi, amma a nan ma za ka tarar sista ɗaya ko biyu a ofis, azuzuwa kuwa malaman albashi ne. Sunan waliyyi a ƙofa ba ya nuna maka wanda ke tsaye gaban allo.

Batun addini kuwa gara a faɗe shi ƙarara. Makarantar Katolika ba ta ɓoye abin da take. Ana buɗe rana da addu'a, akwai gicciye a bango, akwai Mas, wato babbar ibadarsu ta coci, akwai darasin katikisim na koyar da aƙidar cocin, kuma a wurare da yawa a ƙarshen firamare ne ake shirya yaran Katolika don tabbatar da su cikin bangaskiya. Ga iyayen Katolika wannan shi ne ma abin da suka biya kuɗi dominsa. Ga sauran iyaye, dokar cocin ta hana tilasta wa kowa shiga addinin, kuma taron Vatican na biyu ya yi maganar Musulmi da girmamawa a 1965. Miliyoyin Musulmi sun yi irin waɗannan makarantu sun fito da addininsu. Benazir Bhutto, wadda ta zama firaministar Pakistan, a makarantun sistoci ta yi ƙuruciyarta, a Karachi da Murree. Duk da haka takun saƙa na faruwa. A 2019 makarantar Katolika ta Sainte Jeanne d'Arc da ke Dakar ta hana ɗalibai shiga da lulluɓi, aka yi ta ce-ce-ku-ce har gwamnatin Senegal ta shiga tsakani aka sasanta. Kuma ko ba tilas, 'yar shekara 11 tana son ta zama irin wadda take ƙauna. Wangari daga makarantar mishan ɗin Presbyterian, wata ɗarikar Kirista da ba ta Katolika ba, ta fito, a St. Cecilia ta koma Katolika, ta ɗauki sunan Mary Josephine, ta shiga ƙungiyar hidimar coci ta Legion of Mary. Duk uban da zai kai 'yarsa, ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin fom: ina za ta yi salla ko addu'arta, me za ta sa a kanta, me take yi a lokacin katikisim. Amsar da aka rubuta a takarda ta fi wadda aka bayar da murmushi a ofis.

Akwai wani farashi da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma Wangari da kanta ta ba da labarinsa a littafin tarihin rayuwarta, Unbowed, na 2006. A St. Cecilia an hana magana da Kikuyu, harshen ƙabilarsu. Akwai wani ɗan maɓalli da ake kira monita, wanda ake miƙa wa duk wadda aka kama tana yarensu. Wani lokaci da rubutu a jikinsa da Turanci, cewa mai ɗauke da shi daƙiƙiya ce, an kama ta tana harshen uwarta. Ita kuma sai ta kasa kunne ta kama wata ta miƙa mata. Wadda dare ya riske shi a hannunta ita ke shan horo, yankan ciyawa ko shara ko aikin lambu. Ka duba abin da aka koya wa yaran nan ban da Turanci: kowace ta zama ɗan leƙen asirin 'yar'uwarta, kuma harshen da kakarta ke yi mata tatsuniya da shi ya zama abin kunya. Duk wanda aka taɓa rubuta sunansa a makaranta don ya yi Hausa, aka ce ya yi banakula, ya san ɗacin nan. Abin takaicin shi ne, yaron da ya ƙware a harshensa ya fi saurin kama na biyu, don haka horon bai ma biya buƙatar da aka yi shi dominta ba.

Katangar da ta kare ta ita ce kuma ta rufe mata ido. Shekara guda da shigarta, a 1952, Turawa suka kafa dokar ta-ɓaci saboda tawayen Mau Mau, kuma Nyeri na tsakiyar wutar. An tilasta wa mahaifiyarta komawa ƙauyen da gwamnati ta killace. Wangari na cikin makaranta, tana ci tana karatu lafiya, amma an cusa musu cewa 'yan Mau Mau 'yan ta'adda ne, har suna addu'a a kama su. Sai daga baya ta gane cewa 'yancin ƙasarta suke nema. Sistocin sun ƙaunaci yaran, ita ma ba ta taɓa musun haka ba. Amma yarinyar da ke kwana a makaranta tana shekara 10 ko 11 ba ta da murya ta biyu da za ta auna abin da aka faɗa mata da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin a waɗannan shekaru jeka-ka-dawo ta fi, matuƙar akwai hali. Ta dawo gida da yamma, ta ji Hausar kakarta, ta yi rigima da ƙannenta maza, ta faɗa wa uwarta abin da ya faru tun yana sabo. A arewacin Najeriya ma akwai ƙarin dalili da ba sai an tuna wa kowa ba, bayan Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, dukkansu makarantun kwana na mata.

In da za a ce in raka wani duba irin wannan makaranta, ba zan daɗe a ofishin shugaba ba. Zan nemi izinin tsayawa a ƙofar aji biyar lokacin lissafi, in ga ko malamar na jira bayan ta yi tambaya, da abin da take yi in yarinya ta ba da amsar da ba daidai ba. Zan buɗe littafin wadda ke zaune a baya in ga ko an duba shi a makon nan. Zan leƙa banɗaki in ga ko akwai ruwa da sakata da wurin zubar da audugar mata. Zan duba jadawali in ƙirga sa'o'in kimiyya da na ɗinki, domin makarantun mishan na zamanin Turawa sun daɗe suna tura 'yan mata ga girki da ɗinki don su zama matan malaman coci da akawu, kuma wannan inuwa ba ta gama gushewa ba. Lokacin tara kuma zan duba ko akwai wadda ke cin abinci ita kaɗai, in kuma saurari harshen da yara ke yi a filin wasa, da abin da ke faruwa in malama ta ji.

Wangari ta dawo Kenya a 1966 da digiri biyu, ta ajiye Mary Josephine ta koma sunan da iyayenta suka raɗa mata. A ranar 5 ga Yuni 1977 ita da wasu mata suka dasa itatuwa bakwai a filin Kamukunji da ke Nairobi, daga nan ƙungiyarta ta dashen itatuwa, Green Belt, ta fara. Matan karkarar da suka riƙe aikin, suka yi ta renon dashe a gwangwanaye da tsofaffin tukwane, akasarinsu ba su yi makaranta mai nisa ba. Da ta je yankinsu na Nyeri za ta yi musu bayanin zaizayar ƙasa da ƙafewar rafuka, da Kikuyu ta yi.